Ɗan Damben da Aka Hana Faɗuwa

A Malumfashi labarin nan ya fara, amma inda ya ƙarasa ba a zuwa can da mota.

Akwai wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, sunansa Lurwanu. Ɗan gidan mahauta ne, sai dai bai taɓa riƙe wuƙa ba, tun yana ƙarami zane ya sa a gaba. Wansa Tukur ne ya gaji gidan, ya gaji fawa ya gaji dambe, har makaɗa suka san sunansa daga nan zuwa Funtuwa. Abin da ya haɗa su, ban da nono, wani tsohon gem ne na faɗa, irin wanda mutum biyu ke zama gaban talabijin, kowa da hannun gem ɗinsa yana latsawa, a yi ta naushi da shuri har ɗaya ya faɗi.

Mayaƙan da suka zo cikin gem ɗin baƙi ne daga ƙasashen nesa, masu sunayen da harshe ba ya iya juyawa. Lurwanu ya koyi buɗe cikin kaset ɗin da kwamfuta, ya riƙa goge baƙin yana zana 'yan gari a gurbinsu, ɗigo bayan ɗigo. Ya sa Ilu mai shayi yana watsa ruwan zafi da buta, ya mai da filin faɗan ya zama bakin kasuwa da rumfuna da 'yan kallo. A wancan zamanin in ka zo shagon ba ka samun wurin ajiye ƙafa. Ilu na gaskiya ma yakan bar teburinsa ya zo ya ga yadda ake dukansa.

Sai aka zo kan Tukur. Shi ba zane kaɗai yake so ba, har da muryarsa. Aka ɗauka a waya, ya faɗi abin da ya saba gaya wa duk wanda ya kayar, yana miƙa masa hannu: "Tashi, ƙanena, ba a gama ba." To, wurin da aka ware wa kowane mayaƙi a cikin kaset ɗin ɗan mitsitsi ne, murya kuwa nauyi gare ta. Lurwanu ya ce sai an cire wani abu kafin ta shiga.

Tukur ya ce, "Cire hoton faɗuwar mana. Ka taɓa ganin na faɗi?"

Suka yi dariya, aka cire. Da yake babu hoton faɗuwa, gem ɗin zai cije ranar da ƙarfin Tukur ya ƙare, don haka Lurwanu ya ɗaure ƙarfin yadda ba zai taɓa raguwa ba. A ganinsu sun yi dabara. Abin da ya biyo baya shi ne duk wanda ya zaɓi Tukur ya ci, aka yi ta rigima, har wasan ya fita ran mutane. Wayoyi masu gem a ciki suka zo suka kwashe sauran. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Tukur, bai tashi ba. Matarsa ta koma garinsu da yaran. Kwamfutar ta ƙone ranar da wuta ta zo da ƙarfi, wayar kuwa ta daɗe da mutuwa. Duk duniya ba inda muryar Tukur ta rage sai cikin kaset ɗin nan.

Kullum bayan la'asar Lurwanu sai ya sakaya ƙofar shago, ya kunna gem, ya zaɓi Ilu mai shayi, ya bar wa na'ura Tukur. Sai ya ajiye hannun gem ɗin a cinya, ya zauna yana kallo ana jibgar Ilu har ya faɗi, don kawai ya ji ana ce masa ƙanena. Haka ya yi shekaru. Mutanen kasuwa sun sani, amma ba mai yi masa maganar, don ba su san ta inda za su fara ba.

Ran nan da rana tsaka, ba wuta, ba mai a inji, talabijin ɗin ta kawo haske da kanta. Hannun gem na biyu, wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa, ya fara lotsawa ba kowa a kansa. Wata doguwar mace ta bayyana a gilashin, launin zanenta yana sauyawa kamar bayan hawainiya.

Ta ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya kai mai zane."

Lurwanu ya amsa, ya ce, "Baiwar Allah, wace ce ke? Ni ban zana ki ba."

"Ni ce Magajiyar Kango. Duk abin da ɗan Adam ya gina ya bari, mu ne magadansa, ko tsohuwar rijiya ce, ko rusasshen gida, ko gari irin wannan da ka zana. Mutanena sun shiga jikunan da ka yi, suna zaune a ciki. Akwai mai ƙara a kanka. Taso ka ji da kunnenka."

Ta zuro hannu ta cikin gilashin kamar mai tsoma shi a ruwa. Lurwanu ya yi bisimilla ya kama.

Sai ga shi a wata ƙasa wadda ba ta da dama ba ta da hagu. Gaba ce kawai da baya. Ya yi ƙoƙarin juyawa gefe, jikinsa ya ƙi. Sararin sama shuɗi ne irin shuɗin da shi ya zaɓa da hannunsa, da gajimare ɗaya tak da ke wucewa ya sake dawowa. A saman kansa akwai wata doguwar sanda rawaya tana binsa duk inda ya yi.

Magajiya ta ce, "Wannan ce ranka a nan. In ta ƙare kafin ka isa, za ka shiga cikin 'yan kallo, ka zauna tare da su har kaset ya ruɓe. Ni zan riƙa binka a baya, amma ba na tare wa kowa duka."

Suka shiga kasuwa. 'Yan kallo sun yi layi a bayan rumfuna, suna ɗaga hannu suna saukewa, suna ɗagawa suna saukewa, don motsin da ya ba su ke nan. Ba ɗaya mai baki a cikinsu. Lokacin da yake zana su ya ga baki ɓata wuri ne, yau kuwa da suka zuba masa ido shiru sai ya ji kunya ta kama shi.

A tsakiyar hanya Ilu mai shayi ya tare shi, butarsa na tururi. Muryar da ta fito daga bakinsa ba ta Ilu ba ce, wata ce mai amo kamar daga cikin randa.

Ya ce, "Kai ne ka ba ni buta ka hana ni kofi? Shekara da shekaru ina dafa shayi, ban taɓa zuba wa kowa ba sai a fuska. Ba mai wucewa nan sai ya sha."

Kafin Lurwanu ya ba da haƙuri, ruwan zafi ya same shi a kafaɗa, sandar kansa ta ragu. Ya ja da baya, wani ruwan ya biyo shi. Can ya tuna ragwancinsa na da, bai taɓa zana wa Ilu yadda zai kare ƙafafunsa ba. Ya durƙusa, ruwan ya wuce ta samansa, ya shari ƙafar Ilu, ya sake shara, har mai shayi ya mimmiƙe a ƙasa, buta ta yi nata wuri.

Ilu ya yi ajiyar zuciya daga kwance, ya ce, "Madalla da wannan shuri. Wuce abinka. Mu da muke faɗuwa muna samun hutu, kai ma shaida ne, kullum kana kwantar da ni. Je ka ga wanda ba ya faɗuwa."

Daga kasuwa suka iso bakin wani kogi. Lurwanu ya gane shi, filin da ya fara zanawa ne ya watsar a makon da Tukur ya kwanta. Gada ta tafi rabi ta tsaya, bayanta ba ruwa ba ƙasa, baƙin rami ne kawai. Wani jaki kore, wanda aka manta ba a gyara masa launi ba, yana faɗawa ramin, ya ɓullo daga sama, ya sake faɗawa. Daga ganin fuskarsa ya daɗe da daina mamaki.

Lurwanu ya ce, "Ranki ya daɗe, ta ina ake bi?"

Ta ce, "Ta inda mai gada ya ƙarasa gadarsa."

Ya tsuguna ya taɓa bakin ramin, sai ya ga yatsansa yana barin ɗigo. Ya fara zana katako, ya taka, ya zana na gaba, ya taka. Kowane ɗigo daga sandar ransa yake fita. Iska na kaɗa shi, ramin na ja, ga shi ba gefen da zai riƙe. Da ya kai tsakiya ya ƙara faɗin katako ɗaya daidai inda jakin ke faɗowa. Jakin ya dira a kai, ya tsaya cak, ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

A hayin kogin akwai kwari mai duhu, a nan baƙin mayaƙan da ya goge suke. Ba su da jiki, inuwa ce kawai, sai ɗan abin da gogewar ta tsallake: wannan takalmi ɗaya, wancan tafin hannu, wata kuma jelar kitso tana lilo a iska. Suka kewaye shi gaba da baya, sanyinsu yana cin sandarsa. Babbansu ya yi magana da wani harshe, Magajiya ta fassara.

"Yana tambaya, wane laifi suka yi maka?"

Sandar Lurwanu ta ƙara raguwa. Ya ce, "Ki gaya masa ba su yi laifi ba. Mun so su ƙwarai, a kansu muka girma. So muka yi mu ma mu ga kanmu a ciki, wurin kuwa ba ya ɗaukar mu duka."

Babban ya sake magana, gajeriya.

"Ya ce amsar ta isa. Ya ce da ƙiyayya ce da ba ka fita ba."

Suka dare, ya wuce.

Tun daga nesa ya jiyo kalangu ba makaɗi. Filin dambe ne, shimfiɗe da yashi, ba ɗan kallo ko ɗaya. A tsakiya Tukur na tsaye, hannun dama naɗe da kara, igiyar 'yan dambe, an ja shi baya, na hagu a miƙe gaba, yana rangaji a kan ƙafafunsa yadda Lurwanu ya zana shi. Ga tabon da ke goshinsa, ga layar damtsensa. Lurwanu ya manta da inda yake, ya ce, "Yaya."

Tukur ya ce, "Tashi, ƙanena, ba a gama ba."

Magajiya ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta ce, "Wanka yana inda Ubangijinsa ya ajiye shi, Allah ya ji ƙansa. Wanda ke cikin wannan jiki ɗana ne, Barmo. Yana yaro ya ga jikin nan ya fi kowane kyau a garin, ya shiga. Mu kuwa ba ma fita daga jiki sai ya kwanta a ƙasa. Tun ranar yake tsaye. Ba ya zama, ba ya jingina, ba shi da harshe sai kalmomin nan. Shi ne mai ƙarar, ni ce bakinsa."

Sai a lokacin Lurwanu ya dubi ƙafafun. Rangajin da yake ɗauka na jarumta ne, makyarkyata ce. Yashin da ke ƙarƙashinsu ya lotsa ya yi rami.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Zan zana masa faɗuwar yanzun nan."

"Zo ka ga inda za ka sa ta."

A bayan filin akwai rumbuna jere, kowane mayaƙi da nasa. Ta buɗe na Tukur. Hotunansa na naushi da tsalle da karewa suna maƙale a gefe-gefe kamar ganye, tsakiyar kuwa wani ƙaton gora ne ya cike ta har baki. Lurwanu bai buƙaci a gaya masa abin da ke cikin goran ba.

Ya ce, "A cire shurin. A cire tsallen, a cire duka naushin."

Ta ce, "Ko ka kwashe su duka ba su kai cikin tafi ba. Kai ka auna da hannunka, ka fi ni sani."

"To, in tafi da goran gida."

"Abin da ya fita daga rumbu iska ne, ya kai mai zane. Sau ɗaya za ka ji shi, shi ke nan."

Lurwanu ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, mahaifanmu sun rasu. 'Ya'yansa suna nesa, ba su ma san fuskata ba sosai. Duk faɗin duniya, abin da ke cikin goran nan ne kaɗai yake kirana ƙane."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban aiko a ƙwace ba, na zo da ƙafata. Ba za mu tilasta maka ba. In ka ce a'a, yanzu zan mai da kai shagonka lafiya, gobe bayan la'asar ka kunna ka ji abinka, jibi ma haka. Ba wanda zai taɓa ka." Launin zanenta ya tsaya a kan toka-toka. "Ni ma Barmo kaɗai gare ni."

Ya daɗe a zaune. Ya so a ce ta yi masa barazana, da ya sami abin da zai yi fushi da shi. Gajimaren nan ɗaya ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo. Duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya ga ƙafafun nan suna rawa, ya tuna shi ne yake zama kullum yana kallonsu, yana jin daɗi.

Ya tashi ya rungumo goran ya fito da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya kara kunnensa, ya zare marfin.

"Tashi, ƙanena, ba a gama ba."

A nan muryar ta fito tas, ba irin ta lasifikar talabijin ba. Ya ji abubuwan da bai taɓa ji ba a bayanta: zakara na cara a gidan maƙwabta, dariyarsa shi kansa daga gefe, da numfashin da Tukur ya ja zai ƙara faɗin wani abu kafin a kashe wayar. Sai goran ya zama ƙaiƙayi a hannunsa, iska ta ɗauke.

Ya juya ga rumbun, ya miƙa yatsa, ya tsaya. Bai san yadda Tukur yake faɗuwa ba, bai taɓa gani ba. Kwanciyar ciwon kuwa ya rantse ba zai zana ta ba. Can ya tuna yadda Tukur ke yi in ya dawo daga mayanka da rana, ya yi wanka, ya jawo tabarma gindin darbejiya, ya kwanta a gefen dama, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai, ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Wannan ya zana, a hankali, har da tabarmar. Da ya gama, abin da ya rage a sandar kansa bai fi ƙwayar gero ba. Ya laluba ya kwance ƙullin da ya ɗaure ƙarfin da shi.

Magajiya ta ce, "Saura bugu. Ba a faɗuwa a nan sai an buga."

Lurwanu bai taɓa ɗaga wa wansa hannu ba tunda aka haife shi. Ya shiga filin, ya tsaya gaban fuskar nan, yana jiran ta ce wani abu, ba ta ce ba. Ya dunƙule hannu ya ɗan taɓa ƙirjin, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙarfin da ya yi shekaru a ɗaure ya zube gaba ɗaya. Gwiwoyin suka lanƙwashe, jikin ya sauka a hankali, ya kwanta a gefen dama, hannu a ƙarƙashin kai. Kalangu ya yi shiru.

Wani hayaƙi ya fito daga jikin, ya zama siririn saurayi. Ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa, ya rarrafa ya ɗora kai a cinyar uwarsa.

Ya ce, "Na gode, ɗan Adam. Kullum ina hango ka ta cikin gilashi kana ajiye abin latsawarka a cinya. Na so in ce maka ka rama, ko sau ɗaya, ba ni da bakin faɗa." Idanunsa suka rufe tun bai gama ba.

Magajiya ta dubi Lurwanu ta ce, "Ba ni da abin da zan ba ka wanda ya kai abin da ka bayar, ba zan kuma yi maka ƙaryar akwai ba. Allah ya ba ka mai kiranka."

Ta hura masa iska a fuska. Ya buɗe ido ya ga kansa a kan bencinsa, ana kiran la'asar, kafaɗarsa na raɗaɗin ƙuna. A waje kasuwa na ta hayaniyarta, wani na cinikin albasa. Talabijin ɗin tana nan a kunne ba wuta, Tukur na kwance a kan tabarmarsa, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka.

Lurwanu ya gwada faɗin kalmomin da bakinsa, ƙasa-ƙasa, ya ji ko kusa ba su yi kama ba. A nan kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya zo masa, ya yi shi har ya gaji, ba wanda ya leƙo. Da ya share fuska ya ga rana ta karkato ta ƙofa tana dukan gilashin, daidai fuskar mai barcin. Ya tashi ya ja labule, ya ɗauki buta, ya fita a hankali don kada ƙofar ta yi ƙara.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, a nan na sauke shi.